Kuɓewar Inna a Kan Gada

Inna Laraba na cikin ɗakinta a Gozaki, tana dangwalar alli tana murza mazari kamar kullum, zare na sauka siriri kamar yayyafin farkon damina. Sai ga jikanta Gwadabe, helman leburorin hanya, ya sunkuyo ya shigo, jar ƙasa har gira.

"Sannu da zuwa, mijin wahala," in ji ta. "Wannan ƙurar ce lefen nawa?"

"Lefenki gada ce, tsohuwa. Na gina miki, kin mai da ita wurin shanya. Kuɓewar wa ce shimfiɗe daga wannan baki zuwa wancan?"

"Tawa ce. Tunda aka haife ni ban ga fa mai santsin sumuntin nan ba. Ba tsakuwa, ba kaji. Allah ya yi wa gwamnati albarka, ta san darajar miya."

"Ɗazu mota ta zo ɗaukar auduga. Direba ya ce shi ba ya taka abinci, ya juya fanko."

"Ɗan halak! Shi ya kamata in aura, ba mai ƙafar sauro ba."

"Wa zai kwashi amarya mai haƙori ɗaya?"

"Ɗayan nan ya ci naman da idonka bai taɓa gani ba."

Gwadabe ya tsuguna gabanta. "Inna, gobe injiniya zai zo daga Kaduna. Mutanen Funtua na can suna neman kwalta har ƙofar kantuna. In ya tarar da kuɓewa maimakon sawun taya, cewa zai yi ƙauye bai bukatar hanya. Marmarar da za ta kai mu Malumfashi sai a juya ta birni."

"'Yan birni! Audugarmu suke gurza, amma takalminsu ba ya son laka."

Sai mazarin ya tsaya. Ta ce:

"A bakin rafin nan aka ajiye kakanka kan gadon kara, ana jiran ruwa ya janye a kai shi asibiti. Kafin ya janye ya cika, gida aka juyo da shi. Duk sanda na je juya kuɓewar nan, sai na shafa sumuntin na sa muku albarka, kai da leburorinka, har da wanda ya aiko ku."

Gwadabe ya sunkuyar da kai, ya ɗago ido jawur. "Au, ashe zance kike zuwa wurin tsohon miji? Ni ina rana ina fasa dutse!"

Ta yi dariya har haƙorin ya fito. "Ya fi ka tsawo, ya fi ka gemu. Amma bai yi mini gada ba. Ka ci, ɗan nema. Rabin kuɓewar naka ne, rabi na direba. Ka ce masa ya dawo, matarka ta ba da hanya."

Ta soke mazarin cikin auduga, ta ɗauki tsintsiya da ƙwarya, ta dafa kansa ta miƙe, ta fita.