Faranti Mai Haƙora Sittin

"Ni da na yi aikin manyan motoci a Maraɗi, keke ne zai gagare ni?"

Haka Hassoumi ya faɗa a bakin masallaci. Gaskiya ne ya yi aikinsu, aboki. Wanke su yake yi.

Kekensa mai batir ne, yana tafiyarsa daidai gwargwado, amma Injiniya, kamar yadda ake masa laƙabi, ya ga bai kai darajarsa ba. Lissafinsa shi ne yawan haƙoran giya shi ne yawan gudu. Sai ya cire ƙaramin farantin ƙafar baya, ya ɗaura mai haƙora sittin, faɗinsa kamar murfin tukunya. Sarƙa ta kasa kaiwa, ya yi mata ƙari. Bai gwada ba. Gwaji, in ji shi, na masu shakka ne.

Ranar Asabar za a yi sunan 'yar Alassane da ƙarfe takwas na safe, a wani gida can ƙasan titin da ake kira High Point Road. Goro da dabino suna wurin Hassoumi, kuma Liman ba ya raɗa suna sai an raba su.

"Malam Hassoumi, shigo mota mu tafi," in ji Alassane.

"Ku yi gaba. In na wuce ku, kada ku ji haushi."

Ya hau keken, ya murɗa. Injin ya yi ƙara irin ta jirgin sama, har wani kare ya ɓuya. Keken kuwa ya tafi a hankali, cikin natsuwa, kamar mai rakiyar gawa. Ya ƙara murɗawa, ƙara ta ƙaru, gudu yana nan inda yake. Ya sa ƙafa yana tuƙi, gwiwoyinsa na kaɗawa kamar fanka. Motar bas ta wuce shi, ta je ta dawo, direban ya ɗaga masa hannu. Kafin rabin hanya injin ya fara ƙauri, batir ya yi sallama.

Nan Hajiya Assibi ta cim masa. Shekarunta saba'in, likita ya sa ta tafiyar ƙafa saboda gwiwa.

"Sannu, Injiniya. Tsayawa ka yi ko tafiya kake?"

"Injin ne yake sabawa da sabuwar giya, Hajiya."

"To, ya saba a tsanake. Miƙo goron mutane."

Ta ɗora kwalin a ka, ta wuce da sandarta. Ya bi ta da ido har ta ɓace.

Ya iso yana tura keke, riga sharkaf, ana naɗe tabarmi. An raɗa suna Aissa, an ci, an wanke tukwane. Alassane ya fito ya riƙe hannunsa da hannu biyu, fuska ba dariya.

"Malam, suna dai ya wuce ka. Amma samu wuri ka zauna. Ɗaurin aurenta, ka riga kowa zuwa."