Yaƙin Kwarin Jar Ƙasa da Tsayuwar Sarkin Gudu

Ku saurara, ya ku ma'abota hankali masu bibiyar tarihin mazaje, ga labarin Tanimu ɗan Nomau, jikan Bagudu mai jakuna, tattaɓa-kunnen Jatau wanda aka ce ya taɓa bin motar kasuwa da ƙafa har ya kusa cim mata. Shi ne Sarkin Gudu na tashar 'yan acaba da ke bakin kasuwar Malumfashi, Dodon Kwalta, Gagara Birki, aradu mai silifas, wanda kajin unguwa suka haddace ƙarar salansarsa saboda tsaron rai. A zamanin daularsa shi kaɗai ke zama a tsakiyar bencin gindin dalbejiya, kuma fasinjan farko na safiya nasa ne ko da ya makara.

Sai dai sadaukin yana da wata magana da ya ishi jama'a da ita. Duk ranar da aka wuce shi a hanya, laifin tsohon babur ɗinsa ne, a ba shi mashin na gaske a ga ikon Allah. Shekara da shekaru ana haɗiye wannan alfahari, har aka sami Sagiru, wani matashin ɗan acaba mai tsaurin ido, wanda ya ji 'ya'yan masu hali sun shirya tseren babura Asabar da Lahadi a bayan gari, cikin kwarin da masu aikin titi suka haƙe jar ƙasa. Ya bi ta ƙafa ya samo aron baburan tsere guda biyu, dogayen nan masu kama da fara, ya tsaya gaban dattawan tasha ya ce, "Baba Tanimu, ga mashin na gaske. Wanda ya riga wani, sarautar da bencin nasa ne." Tanimu ya dubi hagu, ya dubi dama, ko wani dattijo zai ce a bar zancen. Dattawa duk suka kau da kai, dole ya amsa.

Ranar Asabar, ranar gwaji, gwarzon ya sauka fagen fama cikin haiba da kwarjini, sanye da tsohuwar kwat da hular kwano ta aro mai tsamin gumin wani, aka gabatar masa da dabbar da zai hau. Ba kariyar ɗora kaya, ba madubi, ba hon, kujera siririya kamar muciya, tsayi kuwa sai da aka kawo bulo ya taka. Giyar babur ɗinsa duk ƙasa ake danna ta, wannan kuwa ta farko ce kawai ƙasa, sauran sai an ɗago da yatsun ƙafa. An yi masa bayani, ya ce ya san babur tun ana goyon mai bayanin. Ya murɗa totur, ya saki kuloci, babur ya miƙe tsaye kan taya ɗaya ya tafi harkar gabansa, ya bar mai martaba zaune daɓas a laka, hannuwa a miƙe yana ci gaba da tuƙi. A hawa na biyu ya ƙaddamar da hari kan gonar wani bawan Allah, ya ci dawa da yaƙi, ya fito da ganimar ganye a kafaɗa. Masana tarihi sun yi saɓani kan adadin faɗuwarsa a wannan yini, mai gonar ne kaɗai ya riƙe lissafi.

Amma a yi masa adalci, mutumin ya iya babur. Ga kuma tsoro na gaske da ya kama shi, domin ya san abin da ake nufi da mai furfura ya koma ƙarshen layi cikin rana, yana jiran ragowar fasinjojin da matasan tasha suka bari. Bai sauka ba sai da dabbar ta yi masa mubaya'a, kafin magariba ƙafarsa ta gane sama da ƙasa.

Ranar Lahadi runduna ta jeru, injuna suka yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe kwari, masu rake da masu ƙosai suka ja da baya. Aka sauke tuta, Tanimu ya kurma ihu, "Sai ni na Nomau! A ba da hanya!" Ya kutsa cikin 'ya'yan masu hali ya tarwatsa su, ya keta laka, ya haye tudu ya yi sama har aka ga hasken Allah tsakaninsa da kujera, ya diro, ya sha kwana gwiwarsa na sharar ƙasa, jama'a na sowa, 'yan tasha da suka zo kallon faɗuwarsa suka manta suka shiga yi masa kirari. A zagayen ƙarshe shi ne gaba, Sagiru na baya yana cin lakar tayarsa, igiyar ƙarewa kuma ga ta can ana hango ta.

To, a kwanar ƙarshe filin tseren ya gogi wata 'yar hanya da mutanen ƙauye ke bi zuwa gari. Nan wata tsohuwa ta sauke kwandon yalonta tana haki, ba ta san da wani tsere ba, ba ta kuma damu ba. Ta hangi babur tafe ba kowa a baya, ta miƙa hannu ta ce, "Mai mashin!"

Ku shaida, kan Tanimu bai yi niyyar tsayawa ba. Ƙafar dama ce, wadda ta tsufa tana taka birki duk inda hannu ya ɗagu a bakin hanya, ta yanke hukunci ba tare da shawara ba. Dodon Kwalta ya ratse gefe cikin natsuwa yadda sana'a ta tanada, ya ɗaga gilashin hula ya ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Sagiru ya wuce fuu, ya watsa masa laka. Sauran rundunar suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, har da wani da ke tafe taya a sace. Tsohuwa kuwa ta zagaya babur ta ƙare masa kallo, ta taɓe baki ta ce, "Ɗan nan, ina zan zauna, ina zan ɗora kwandon? Je ka abinka, zan jira ɗan acaba na gaske." Injin ya mutu don takaici, haka mai martaba ya turo dabbar da hannu zuwa igiyar da tuni aka naɗe.

Washegari Sagiru ya baje a tsakiyar benci yana shan inuwa, Tanimu ya ja tsohon babur ɗinsa zuwa ƙarshen layi. Majalisar tasha ba ta bar shi haka tsirara ba muƙami, ta zauna ta naɗa shi Hajiya Ina Zuwa. Da farko yakan yi kamar bai ji ba. Yanzu yana amsawa, domin da wannan sunan fasinjoji ke tambayar sa.