Yadda Ɗan Fansho Zai Yi Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje Bai Ɗaga Ko Tsinke Ba

Kai da ka ajiye aikin gwamnati ka koma korar awakin maƙwabta daga shanyar shinkafa, matso kusa. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan bakwai za ka tsallake iyaka, ka yi aikin taimako, ka dawo da hatimi a fasfo, tafin hannunka sumul ba kanta ko ɗaya. An gwada su a kan Malam Hammadu na Yelwa, tsohon malamin kifi, shekara biyu bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato, kuma ya dawo da ƙafafunsa.

1. Nemi wanda zai ba ka haushi

Tausayi kaɗai ba ya kai mutum ko tashar mota. Haushi ake buƙata. Malam Hammadu ya samu nasa wurin Yohanna, abokinsa tun firamare, tsohon malamin asibiti da coci ta tura Gana wata uku yana wanke wa masunta gyambo kyauta. Ya dawo da hotuna da hula mai baki. Tun ranar, majalisar ƙofar gidan Hammadu ta naɗe tabarmi ta koma ƙofar Yohanna. Shekara talatin da biyar Hammadu yana auna idon raga a kogin Kwara da tafkin Kainji, daga Yelwa har Wara, amma yanzu in ya buɗe baki sai a ce, "Dakata Malam, Yohanna bai gama labarin Gana ba."

2. Yi shela tun ba ka san inda za ka ba

Wanda ya tsaya shiri kafin shela bai tashi tafiya ba. Hammadu ya sanar bayan sallar Juma'a, sannan ya shiga gida ya faɗa wa matarsa Uwani.

"Wace ƙasa?" in ji ta, tana tsince wake.

"Ta waje."

"Mi za ka yi musu can?"

"Zan koya musu bandar kifi irin ta zamani."

Ta ɗago ta dube shi. "Malam, kai ka taɓa hura wutar banda?"

"Na rubuta rahoto a kanta sau goma sha ɗaya."

Zaɓi ƙasar da in abu ya ɓaci za ka iya dawowa a jirgin ruwan 'yan kasuwa. Shi Jamhuriyar Benin ya zaɓa, wani ƙauyen masunta a bakin Kwara, inda Asibi, wata 'yar Shanga da aure ya kai can shekara arba'in da suka wuce, take shugabantar mata masu banda. Ya aika wasiƙa ta hannun direban jirgi. Amsa ta dawo da baki: "Ya zo, akwai tabarma." Wannan shi ake kira takardar gayyata.

3. In an ba ka zaɓi biyu, ɗauki duka

A bakin iyaka za a miƙa maka takarda mai tambaya: ziyara ka zo ko aiki? Hammadu ya yi maki a duka biyun, ya ƙara da nasa a gefe: "Taimakon al'umma."

Jandarman da ke tsaron iyakar ya juya takardar, ya juya fasfon. "Mushe Hammadu?"

"Wa ke mushe? Da raina da lafiyata!"

Sai da wani fasinja ya raɗa masa cewa a nan haka ake girmama mai ilimi. In an kira ka mushe a ƙasar masu Faransanci, amsa da murmushi.

4. Bari doka ta ɗaure maka hannu

Jandarman ya yi bayani da Hausarsa mai gargada. Mutumin Najeriya ba ya buƙatar biza, ya shiga ya zauna har kwana casa'in. Amma aiki sai da takardar izini, ita kuwa daga babban birni take fitowa.

"Ai ni ba biyana za a yi ba," in ji Hammadu.

"Wanda ba a biya ma gumi yake yi. Ranar da na ga gumi a goshinka, jirgin farko zai mayar da kai, da jan hatimi."

Ya buga masa na baƙo, baƙi wuluk. A nan, ɗan'uwa, ka ɓata fuska kamar an cuce ka. Kada ka yi dariya sai ka yi nisa.

5. Yi aiki da leɓe

Asibi ta tarbe shi da fura, ta sa aka kafa masa kujera a inuwar mangwaro, daura da rumfunan banda. Daga nan yake nuni da leɓe.

"A ɗaga wancan babban kifin sama kaɗan."

"To, Malam," in ji matan, su bar shi inda yake.

Ya zana musu banda ta zamani a ƙasa da tsinken sakace. Asibi ta leƙa ta ce, "Wagga mun yi ta shekarar da aka datse ruwan Kainji. Ƙona wutsiya takai." Ta sa ƙafa ta share.

Sai ka yi hattara, nan ne mutane ke faɗuwa. Mako na biyu abin ya fara cin Hammadu a rai. Yana kallon yadda Asibi ke gane kifi ya yi daga ƙamshi kawai, yadda take rage wuta da ɗanyen ganye, sai ya ga rahotanninsa goma sha ɗaya ba su san wannan ba. Ya ɗauko littafi ya fara rubutawa a ɓoye. Hannunsa na ƙaiƙayin taɓa itace. Danne shi.

6. In ka yi kuskuren yin amfani, nemi shaidun da za su ƙaryata

Ranar kasuwa da hantsi, man kifi ya ɗiga a garwashi, wuta ta lashi rufin rumfa ɗaya ta nufi sauran bakwai, da kifin mako guda a cikinsu. Hammadu ya manta da hatimi. Ya tattare babbar riga, ya fizgi bokiti, ya jera matan layi daga bakin ruwa kamar yadda aka koya musu a wani kwas da ya yi gyangyaɗi a cikinsa. Ya hau turmi yana watsa ruwa har gemunsa ya babbake. Rumfa ɗaya ta tafi, bakwai suka tsira.

Yana juyowa, ga jandarma tsaye da ƙunshin kifi a hannu.

"Mushe Hammadu, mene ne wannan a goshinka?"

Asibi ta shiga tsakani tun bai amsa ba. "Ranka shi daɗe, wanga? Aiki? Mako uku yana nan, ban ga ya ɗauke ko kara ba. Ci da barci da nuni da baki."

"Ko ƙwaryar furarsa mu ke ɗaukewa," in ji wata.

"Tsoro ya ji ya ruga da bokiti, ruwan ya zube kan wuta," in ji ta uku.

Jandarman ya dubi Hammadu. "Gaskiya ne ba ka amfana musu komai ba?"

Shekara talatin da biyar na aikin gwamnati suka faɗo masa a rai. Ya dubi jan tawadar da ke leƙowa daga aljihun jandarma.

"Gaskiya ne. Ban da amfani."

Jandarman ya rubuta haka, ya sa ya sa hannu, ya ba shi kwafi. Bayan ya tafi, Asibi ta kawo man kaɗe don ƙunar hannunsa, ta ajiye ba ta dube shi ba. "Malam, Allah shi saka. Gobe ka zo in nuna maka ganyen, daga zaune."

7. Dawo ka gyara labarin

Rumfa takwas ta zama kasuwa guda. Bokiti ya zama bokiti ɗari. Takardar da ka sa wa hannu da Faransanci take, nuna ta a matsayin lambar yabo. Yohanna ya karɓa ya daɗe yana dubawa, don ya ɗan tsinci Faransanci a hanyar Gana. Ya ninke ta ya mayar, ya ce, "Lallai sun san ka sosai." Ya matsa masa wuri a tabarma.

Kuskure ɗaya Hammadu ya yi, kai kada ka yi shi: ya bar littafinsa a fili. Uwani ta sa aka karanta mata. Washegari ya tarar da laka da itace da kwandon tarwaɗa a tsakar gida.

"Ga kaya, Malam. Gina mani banda irin ta Asibi."

"Ai ni doka ta hana ni aiki sai da izini."

"Can ke nan. Gidan ga ni ka ba da izini, kuma na ba ka. Tuɓe riga."

Gargaɗi: marubucin nan bai taɓa wuce Shanga ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka buga masa jan hatimi, ko gemunsa ya ƙone, ko matarsa ta gano yana da amfani, shi ya jiyo. Kada ya zo ƙofar gidana, na tafi aikin sa kai.