Kubura da Surukarta a Wajen Kiwon Barewa

Wata baiwar Allah ce, Kubura, aka kai ta gidan miji a birni, ciki da falo. Ba ta gama sanin unguwa ba sai ga uwar mijin, Iya Tabawa, ta sauka daga ƙauye da ƙullin kayanta, wai ta zo ganin likitan ido. Ido ya warke tuntuni, har zare take zura wa allura, amma zancen komawa ko a mafarki. Ga shi ta ce bayanta ba ya son tabarma, don haka ita da Kubura ke kwana a gado. Shi kuwa ango, Ɗayyabu, yana falo kan kujera yana fama da sauro. Duk da haka kullum gari ya waye sai Iya ta ƙare wa cikin Kubura kallo ta ce, "Har yanzu dai shiru?" Abin yana cin Kubura a rai, don har dangin miji sun fara ƙus-ƙus cewa ita ce ba ta haihuwa. To amma wa ya isa ya mayar wa suruka magana?

Wata Asabar Ɗayyabu ya kwashe su zuwa gidan namun daji, wai a sha iska. Can ƙurya suka tarar da wani fili da aka kewaye da zana, inda ake kiwon barewa don kada irinta ya ƙare, tunda mafarauta sun kusa share ta daga daji. Ta wata 'yar kafa ake leƙawa. Iya ta leƙa, ta ga 'ya'yan barewa suna ta tsalle, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ikon Allah. Dabba ma ta san abin da ya kawo ta gidan miji."

Ɗayyabu ya duƙufa kan wayarsa kamar an aiko masa saƙon gaggawa. Namijin duniya ke nan.

Mai kula da wurin ya ce, "Ai Hajiya, ba da sauƙi aka samu ba. Da muka kawo wa namijin barewar nan mace, shekaru suka yi ko ɓari babu. Allura, magani, canjin abinci, ba abin da ba mu gwada ba. Ashe uwarsa ce matsalar. Duk inda suka raɓi juna sai tsohuwar ta zo ta kwanta a tsakani. Da muka ɗauke ta muka kai ta wani shingen, damina ba ta zagayo ba sai ga haihuwa."

Iya ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Amma ku dai ba ku da imani. Ku raba uwa da ɗanta? Ita tsohuwar me ta tsare musu?"

Kubura ba ta ko kalli inda surukarta take ba. Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai irin na 'ya'yan mutunci, ta ce da mai kula da wurin a hankali:

"Malam, don Allah wannan aikin naku, kuna zuwa yi har gida?"