Yadda Za Ka Ƙara wa Turbo Iska Ka Wuce Taubashinka

In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari babu direban da zai sake wuce ka a hawan dutse yana murmushi. Mansur na Tama ya bi su, ga shi har yau ana labarinsa a tashar Madawa.

1. Ka samo dalili

Mansur yana da tsohuwar mota kat-kat mai turbo, yana kwasar kayan lambu zuwa kasuwa. Ba ta taɓa yashe shi a hanya ba. Laifinta ɗaya: ranar nan taubashinsa Aminu ya wuce shi, ya leƙo ta taga ya ce, "Ko in sabka in tura maka?" Kai ma nemi mai faɗa maka haka. Mota mai lafiya ba ta hana sayen magani.

2. Ka zaɓa da ido

Abin da kake nema ɗan akwatin lantarki ne da ke sa turbo ya cusa wa inji iska fiye da yadda ya saba. Kada ka tambaya ko ya dace da motarka, tambaya aikin matsorata ne. Mansur ya duba hotuna a waya ya ɗauki mai shuɗiyar wuta, don mai ja ta yi masa kama da rediyo. Mai sayarwa ya rantse na jirgin sama ne aka ɗan rage masa ƙarfi.

3. Ka saurari mai gyara, ka ce to

Nura bakanike ya haɗa wayoyin, ya ja layi da ƙusa kusa da maɓallin murɗa akwatin.

"Mansur, injin ga ya girmi ɗiyarka ta hwari. Don Allah kak ka wuce nan."

Ka ce to. Masu gyara ba sa son a fi su sani.

4. Kada ka gwada da motar wofi

Gwaji ba shaidu ɓata mai ne. Mansur ya loda tumatirin Gogo, ƙanwar mahaifinsa, noman wata uku da ta shayar da guga. Ita kuma ta zauna gaba.

"Mi ne na wanga mai ƙyalli?"

"Agogo ne, Gogo."

5. Ka murɗa

Suna fara hawa sai ga Aminu a madubi. Mansur ya murɗa ya wuce layin Nura, ya kai maɓallin inda ya ƙare. Motar ta yi fito, ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Ya bar Aminu a baya, har ya fiddo hannu ya yi masa sai an jima. Ka more wannan lokacin sosai, minti biyu ne.

Daga nan sai ƙara, sai farin hayaƙi, sai ruwan zafi yana tsiyaya ƙarƙashin mota.

6. Ka nemo mai laifi

Gurɓataccen man gazuwal yana nan, bakin mutane yana nan. Mansur ya gwada duka biyun. Gogo dai tana kallon kwandunanta suna dahuwa a rana tun hantsi har la'asar. Aminu ya dawo ya ja su da igiya. Kasuwa ta riga ta watse.

Tumatirin da ya yi laushi sai shanya. Kwana uku Mansur yana zaune kan fako tsakiyar mata yana yanka kauɗa, direbobi suna rage gudu su gaishe shi da aiki.

"Yi sauri, ɗana," in ji Gogo. "Ba kai ne mai son sauri ba?"

Gargaɗi

Ni ban sa ka ba, ban hana ka ba. In inji ya fashe, tsakaninka da Nura. In kayan na gwaggonka ne, tafi da wuƙarka, tasu ba ta da kaifi.