Farfesan Wahayi a Gidan Makoki

Allah ya yi wa ikilisiyar nan baiwa da ya ba ta Dattijo Farfesa. Babu jami'ar da ta naɗa shi. 'Yan ƙungiyar mawaƙa ne suka laƙaba masa sunan, shi kuwa saboda tawali'u bai musa ba. Ya yi ritaya daga ofishin hasashen yanayi, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sa wa ruwan sama ranar zuwa, ruwan yana yi masa kunnen uwar shegu. Da gajimare suka gagare shi, sai ya tsallake su, ya koma kan abin da ke sama da su.

Annabawa sun ga wahayi sun faɗi rubda ciki don tsoro. Da sun jira Farfesa, da ya kwantar musu da hankali. Ƙafafun karusan nan masu juyawa cike da idanu da wani annabi ya gani, jirgi ne mai saukar ungulu da fitilunsa. Tekun gilashin da ke gaban kursiyin Allah, ƙanƙara ce. A wurinsa, Ubangiji bai taɓa nuna wa bawansa abin da littafin kimiyyar sakandare bai riga ya amince da shi ba.

Da 'yar autar mai kantin magani ta rasu, Farfesa ya zo gaisuwa. Tun daga asibiti uwar yarinyar ba ta furta kalma ba. Tana zaune gefen taga, tabarau ɗin 'yarta a hannu. Mijin ya san sunan kowane magani a kantinsa, bai san na wannan shirun ba, kuma yana tsoron kada ya rasa mutum biyu.

Kafin addu'a, fasto yakan ba dattijo ɗaya dama ya faɗi gajeriyar kalmar ta'aziyya. Sauran dattawan suka sunkuyar da kai. Farfesa ya miƙe, ya kwashe kofuna daga faranti, ya ɗaga farantin a matsayin duniya, ya ɗora kwalin shayi a kai a matsayin birnin sama.

"'Yan'uwa, mu daina kuka cikin duhun kai. Birnin da yarinyar nan ta tafi, ni na auna shi. Tsayinsa daidai da faɗinsa, mil dubu da ɗoriya, wato ya wuce inda iska take ƙarewa. Saboda haka, in an ba ta ɗaki a hawa na sama, tilas akwai tanadin iskar shaƙa, irin ta asibiti."

Uban ya kalli ƙasa. Shi ne ya ɗauki tukunyar iskar ƙarshe a kafaɗa, ya hau da ita bene, ba ta yi amfani ba. Fasto ya yi gyaran murya. Gwano ba ya jin warin jikinsa: Farfesa ya ɗauka tambaya ce, ya ce a bari sai ya kammala batun matsin iska.

Sai murya ta fito daga gefen taga, a dushe.

"Baban Auta, raka dattijo ƙofa. In ka dawo, ka zo min da ruwa."

A bakin ƙofa uban ya riƙe hannun Farfesa da hannu biyu, ya yi masa godiya, kuma har zuciyarsa yake yi.

"Ba komai, ɗana. Saura bayanin kogin da ke cikin birnin. Zan dawo da zane."

Ranar Lahadi Farfesa ya tsaya gaban ikilisiya ya ba da shaida: bakin da addu'a ta kasa buɗewa, kimiyya ta buɗe shi. Abin da bakin ya ce ne kawai bai samu lokacin faɗa ba.