Onorabul Sylvanus da Ƙyauren Banɗakinmu

A gyara zama, a cire hula, ga Onorabul Sylvanus nan tafe: Kakakin gidan hayarmu na bayan masaƙa a Kakuri, Uban Doka, Sarkin Taɓarya, wanda yaran layi ke kira Foyin-of-Oda. Ba wanda ya zaɓe shi, amma wannan ƙaramin lamari ne. Ranar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, shi ma ya rantsar da kansa a gaban madubi, ya ɗaura nektai, ya fito tsakar gida ya sanar da mu cewa an daina magana barkatai.

Ilimin kuwa ba a titi ya tsince shi ba. A wancan mulkin farar hula na da, ya yi masinja a majalisar wata ƙaramar hukuma, yana kai wa kansiloli ruwan sanyi. Abin da kunnensa ya kwaso ta taga shi ya adana shekara da shekaru, yana jiran ranar amfani. Sai Allah ya kawo ƙyauren banɗaki.

Wurin wanka ɗaya ne a gidan, kuma yana kallon tsakar gida, daidai inda ake girki. Tsatsa ta cinye ƙusoshi, ƙyauren ya faɗi. Wadda abin ya fi ci ita ce Madam Judith ta ɗakin ƙarshe, mai aikin safe a masaƙa, ga 'yan mata sun taso mata. Ta ɗaura zanenta a matsayin labule, duk gidan muka samu rufin asiri. Sai dai iska ba ta san kunya ba. 'Ya'yanta wanka suke da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da zane.

Ranar Lahadi bayan coci aka taru a gindin gwanda. Judith ta ce a mayar da ƙyauren. Benson kafinta ya ce ga guduma ga ƙusa a hannunsa, yanzu ma sai ya kafa. Onorabul ya buga taɓaryar dakan yaji a kan benci har kaji suka watse.

"Oda! Wannan gida ba bariki ba ne. Zamanin a yi kawai ya wuce. A kawo ƙuduri, a goyi bayansa, a tafka muhawara, sannan guduma ta yi magana."

Judith ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta maimaita maganarta da sunan ƙuduri. Benson ya goyi baya. Muka ce to, an gama.

Ashe yanzu aka fara. Onorabul ya bayyana mana cewa Kakaki ba ya kawo gyara daga kan kujera, don haka ya ɗora taɓaryar a cinyar Baba Joseph, dattijon gidan, wanda ke gyangyaɗi, ya koma cikin jama'a ya nemi izini. Baba Joseph ya yi minshari, aka ɗauka izini ne. Gyaran shi ne a shafa wa ƙyauren fenti kore da fari, don kishin ƙasa. Kafin mu numfasa ya kawo gyara a kan gyaran: sakata ta ciki za a sa ko ta waje? Nan gida ya rabu biyu. Masu yara ƙanana suka ce ta waje, samari muka ce ta ciki, har aka tono faɗan igiyar shanya na bara. Onorabul na tsaye yana murmushi kamar manomin da masararsa ta yi kyau.

Rana ta take. Shinkafar Lahadi ta fara ƙauri a kan risho. Sai ya gyara nektai ya fito da babban makaminsa, wai shi ƙudurin maye gurbi. Ya yi Turanci mai tsawo, ya yi Hausa mai kama da Turanci. Abin da muka iya tsinta shi ne Kwamitin Harkokin Wanka da Makamantansu, da kuma kalmar ƙyaure da ta gifta sau da yawa. Ya ce masu eh su ɗaga hannu. Mu a tunaninmu duk eh ɗin da aka ce ta ƙyaure ce. Hannuwa suka tashi, har da na Judith, nawa ma biyu na ɗaga don yunwa.

Benson ya miƙe da gudumarsa. Taɓarya ta sake sauka.

"Ina za ka, Mista Benson? Ƙudurin maye gurbi ya ci, na farko ya mutu, da shi da gyare-gyarensa. Ba mai taɓa ƙyauren nan sai kwamitina ya kawo rahoto. Madam ma da hannunta ta amince. Wannan ita ce dimokuraɗiyya."

Ya sa aka kinkimi ƙyauren zuwa ɗakinsa, wai shaida ce ta kwamiti. Da yamma na leƙa, ya ɗora shi kan bulo ya zama teburin Kakaki. Judith kuwa ta daɗe tana kallon hannun nan nata da ta ɗaga.

Washegari da safe layin bokitai ya kai bakin zaure, mata na hura gawayi, 'yan makaranta na cin ƙosai. Onorabul ya tsallake layi, don Kakaki ba ya bin layi, ya shige bayan labule yana rera taken ƙasa. Sai da sabulu ya rufe shi ruf, Judith ta zo a natse ta kwance zanenta, ta jefa a baho.

Taken ƙasa ya tsaya a tsakiya. Dimokuraɗiyya ta durƙusa a bayan bokiti, idonta cike da kumfa.

"Foyin of oda! Madam Judith, wannan labule yana ƙarƙashin binciken kwamiti. Ina kawo ƙudurin gaggawa a mayar da shi nan take. Wa zai goyi baya?"

Aka ci gaba da hura gawayi. Judith ta zuba omo, ba ta ko ɗago kai ba.

"Zanena ne, Sylvanus. Wanki nake."